Askirim ɗin shokola marar sukari: yadda ake haɗa shi a gida da abin da mai ciwon sukari ya kamata ya sani

 Duk wanda ke zaune tsakanin Madawa, Buza da Keita ya san abin da watan Afrilu da na Mayu suke nufi. Zafi kan haura digiri 40, ruwan tulu da kansa ya yi ɗumi, kowa na neman abin da zai sanyaya maƙogwaro. A lokacin ne kasuwar masu ƙanƙara ke buɗewa: zobo a leda, lamurje, yawur, lemun kwalba, da askirim, wanda da yawa daga cikinmu ke ce ma gilas. Kusan dukkansu sukari ne a cike.

To a gidan da ke da mai ciwon sukari, nan ne rigima take. Yara na sha, tsoho ko tsohuwa na kallo. Wani ya daure, wani kuma ya saci jiki ya sha a ɓoye, washegari a kwashe shi zuwa likita. Shi ya sa muka tattaro bayani a kan yadda ake haɗa askirim ɗin shokola a gida ba tare da an zuba sukari ba, da kayan da galibi ake samu a kasuwanninmu. Amma tun farko mu faɗi gaskiya: cire sukari kaɗai bai isa ba. Sai an san inda sukari yake ɓuya, an san aikin da yake yi a cikin askirim, sannan an san yadda za a kiyaye abin daga lalacewa a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa.

Me ake nufi da marar sukari?

Likitoci suna haɗa sukari da sitaci a rukuni ɗaya, wanda a kan gwangwani ake rubuta shi da Faransanci *glucides*. Gero, dawa, shinkafa, burodi, rogo, dankali, duk idan suka shiga ciki suna narkewa su koma sukari a cikin jini. Saboda haka abin da ake nema shi ne askirim da ba a zuba masa sukari ba, kuma wanda sitacinsa da sukarinsa na asali ba su da yawa.

Bari mu auna da ƙwayar sukarin shayi, wadda nauyinta ya kai giram 5 ko kusa da haka. Kwalbar lemu ta santilita 33 tana ɗauke da kimanin giram 35, wato ƙwaya 7. Askirim na kanti, a kowane giram 100, ana samun giram 20 zuwa 25 na sukari, ƙwaya 4 zuwa 5 ke nan. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce kada sukarin da babban mutum ke ƙarawa a ci da sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, in da hali ma ya tsaya a 25. Kun ga kwalba ɗaya da ɗan kofin askirim sun riga sun cinye rabon yini, wannan ma ga mai lafiya.

Ciwon kuma ba na birni ba ne kawai. Ƙungiyar duniya mai kula da ciwon sukari, IDF, ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su ma san suna da shi ba.

Inda sukari ke ɓuya

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, da kyakkyawar niyya kuwa.

Zuma: ana yawan cewa ai zuma ba sukari ba ce. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, kuma tana ɗaga na jini.

Dabino: busasshen dabino, kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Wanda ya markaɗa dabino goma ya zuba a madadin sukari bai rage komai ba.

Madarar gwangwani mai kauri, wadda masu shayi ke tsiyayawa kamar igiya: fiye da rabinta sukari ne. A jikinta za ku ga an rubuta *lait concentré sucré*. Kada ta kusanci wannan haɗi.

Garin shokola na shayi, irin su Milo, Bournvita da Nesquik: an riga an haɗa su da sukari tun daga kamfani, wasu ma sukarin ya fi rabin gwangwanin. Ba su ne garin da muke nufi ba.

Aya, ayaba da mangwaro: suna da daɗi a askirim, amma dukkansu suna da sukari ko sitaci mai yawa.

Madara da kanta: tana da sukarinta na halitta, wanda ake kira laktos. A lita ɗaya ta madarar saniya akwai giram 45 zuwa 50. A madarar gari kuwa, tunda an cire ruwan, ya kai kimanin giram 38 a kowane giram 100. Wannan ba ya nufin a guje ta, yana nufin a auna ta. Mai cika garin madara don abin ya yi kauri, sukari yake ƙarawa bai sani ba.

Idan za ku sayi wani abu a butiki, ku duba bayan gwangwanin ko ku ba ɗan makaranta ya karanta muku. Kalmomin da za a guje wa su ne *sucre*, *sirop de glucose*, *dextrose* da *maltodextrine*. Ku sani kuma, abin da aka rubuta a farkon jerin kayan haɗi shi ne ya fi yawa a ciki.

Garin kakawo, ba kokon safe ba

Wasu na ce masa koko, har ya kan rikice da kokon da ake sha da ƙosai. Mu a nan za mu ce kakawo. Ƴaƴan wata itaciya ce da asalinta yake Kudancin Amurka. Ana fasa ƙwallon, a bar ƴaƴan su tsima, a shanya, a soya, a niƙa. A 1828 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Van Houten ya fito da injin matse man da ke ciki, abin da ya saura aka daka ya zama gari. Wannan garin ne tushen shokola, ko cakulan kamar yadda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa.

Ƴan uwanmu na Adar da ke zuwa bida Kodebuwa, mutanen Tamaske, Keita da Buza, sun san ƙasar kakawo da idonsu. Kodebuwa da Gana su kaɗai suna noma fiye da rabin kakawon duniya. A Gana ana tuna Tetteh Quarshie, wanda ya shigo da irin daga tsibirin Fernando Po a 1879. Najeriya ma na noma shi a kudu, musamman jihohin Ondo da Kuros Riba. Shokola ta yi tsada a 2024, dalili shi ne amfanin gona ya ragu a waɗannan ƙasashe, har farashin tan ɗaya ya haura dalar Amurka 10,000 a shekarar.

Garin da ake nema shi ne tsantsa, wanda aka rubuta *cacao 100%* ko *non sucré* a jikinsa. Na Najeriya kuma za ku ga *unsweetened*. Alamarsa mai sauƙi ce: a ɗanɗana a harshe, in ya yi ɗaci kamar goro to shi ne, in ya yi zaƙi an haɗa shi. An fi samunsa wurin masu sayar da kayan kek da manyan kantunan Tawa, Ƙonni da Maraɗi, don haka wanda ke Bangi, Karofane ko Garhanga sai ya yi saƙo. Ƙaramin gwangwani yana daɗewa, tunda cokali 4 ne ake buƙata a haɗi guda.

Abin da zai maye gurbin zaƙi

A farmasi da wasu manyan kantuna ana sayar da abin da ake kira sukarin masu ciwon sukari, Faransanci *édulcorant*. Yana zuwa ƙwaya-ƙwaya, ko gari, ko ruwa. Ga waɗanda aka fi sani:

- Sitebiya: daga ganyen wani tsiro ne na ƙasar Paraguwai. Ya fi sukari zaƙi sau 200 zuwa 300. Yana jure zafi, amma in ya yi yawa yana barin ɗan ɗaci a baki.
- Sukuralos: ya fi sukari zaƙi kusan sau 600. Ɗanɗanonsa ya fi kusa da na sukari.
- Asfartam: kusan sau 200. Wuta tana kashe zaƙinsa, saboda haka sai haɗin ya huce ake zuba shi.
- Eritiritol da zilitol: su gari ne kamar sukari, da cokali ake auna su. In aka sha da yawa suna kawo kumburin ciki da zawo. Zilitol guba ne ga kare, masu karnukan gadi su kula.

Yawancin ƙwayoyin, ɗaya tana daidai da ƙwayar sukari ɗaya, amma a duba abin da kwalin ya ce. A duba kuma ko an cika garin da *maltodextrine*, domin ita ma tana ɗaga sukarin jini.

Akwai maganar da ya kamata ku sani. A watan Mayu na 2023 OMS ta ba da shawara cewa kada masu lafiya su dogara da irin waɗannan abubuwa don rage ƙiba, amma ta ce shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. A watan Yuli na shekarar, cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sa asfartam cikin abubuwan da ake zargi, yayin da kwamitin masana abinci ya bar iyakar da aka sani, miligiram 40 a kowane kilo na nauyin mutum a yini. Ɗan abin da ke cikin kofin askirim bai kusa da wannan iyaka ba. Darasin dai shi ne a yi amfani da kaɗan, a kuma saba wa harshe da ƙarancin zaƙi.

Me ya sa yake daskarewa kamar dutse?

Wannan shi ne ƙorafin duk wanda ya gwada. Sukari aiki biyu yake yi a askirim: yana ba da zaƙi, yana kuma hana ruwan da ke ciki daskarewa gaba ɗaya. Ku lura da zobo mai sukari a firigo, bai cika yin tauri kamar ruwa zalla ba. Da zarar an cire sukari aka sa ƴan ƙwayoyi goma, zaƙi ya dawo amma laushi ya tafi.

Abubuwa huɗu ne ke dawo da laushin. Na farko maiƙo, domin mai ba ya zama ƙanƙara: man shanu, maiƙon da ke tasowa saman madara, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Na biyu gwaiduwar ƙwai, wadda ke riƙe mai da ruwa wuri ɗaya kada su rabu. Na uku burgawa, wadda ke farfasa ƙanƙarar tun tana ƙanana, ta kuma shigar da iska. Na huɗu kuwa namu ne na gida: ƙaro. Ƙaron da ake ɓantarowa jikin ɗakwara, shi ne kamfanonin abinci na duniya ke saye suna sa wa a alewa da lemu, har yana da lamba E414. Ƙaramin cokali ɗaya na dakakken ƙaro mai tsabta, a jiƙa a ruwan zafi a tace, yana taimaka wa haɗin ya yi santsi, kuma ba ya ɗaga sukarin jini.

Haɗi na farko: madara da ƙwai

Wannan zai ishi mutum 6, kowa ƙaramin kofi.

Kayan haɗi:
- madara mai maiƙonta, rabin lita
- gwaiduwar ƙwai 4
- man shanu, babban cokali 3
- garin kakawo tsantsa, babban cokali 4
- ƙaro, ƙaramin cokali 1, in akwai
- gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu suka ɗauka
- ƙwayoyin zaƙi 12 zuwa 15

Game da madara: shanun Azawak sun yi suna wajen nono, amma kowa ya san a damina da kaka ne nono ke wadata, a bazara kuwa, lokacin da ake son abin sanyi, sai ya yi wuya. In babu sabuwa, a dama madarar gari mai cikakken maiƙo, babban cokali 8 a shafe, cikin rabin lita na tafasasshen ruwa. Kada a wuce haka. Man shanu kuma a nemi wanda ba a soya da albasa ba, in ba haka ba askirim zai yi ƙanshin tuwo.

Yadda ake yi:

1. In sabuwar madara ce, a tafasa ta sosai tukuna, a sauke ta ɗan huce.
2. A dama garin kakawo da ɗan madarar mai zafi a kofi har gudajin su mutu, a juye cikin tukunya tare da man shanu, gishiri da ruwan ƙaro. A mayar kan wuta marar ƙarfi har man ya narke ya dahu tare da madarar.
3. A kaɗa gwaiduwa a wani kwano. A ɗebo ludayi ɗaya na madarar mai zafi a riƙa tsiyayawa a kai a hankali ana kaɗawa. In aka juye ƙwan kai tsaye cikin tukunya, wainar ƙwai za a samu.
4. A mayar da duka cikin tukunya, wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa ba tsayawa, minti 5 zuwa 8. Kada a bari ya tafasa. Alamar ya yi ita ce ya lulluɓe bayan cokali, in aka ja layi da yatsa layin ya tsaya. Mai ma'aunin zafi zai ga kimanin digiri 82.
5. A tace da rariya, a dasa kwanon cikin ruwan ƙanƙara don ya huce da sauri.
6. A murƙushe ƙwayoyin zaƙi a narkar da su a cokalin ruwa, a zuba, a ɗanɗana. Ya ɗan fi yadda ake so zaƙi kaɗan, domin sanyi yana rage jin zaƙi a harshe.
7. A zuba a faffaɗan kwanon silba mai murfi, a sa a wurin ƙanƙara na firigo. Bayan minti 40 a fito da shi, a kankare gefen da ya fara kamawa, a burge da maburgi ko cokali mai yatsu. A maimaita kowane rabin awa, sau 4 ko 5.

In muka yi lissafi, madarar ta kawo kimanin giram 24, kakawo da ƙwai suka ƙara 7 ko 8. An raba wa mutum 6, kowa ya tashi da giram 5 zuwa 6, wato kusan ƙwayar sukari ɗaya maimakon huɗu ko biyar.

Haɗi na biyu: kindirmo da gyaɗa

Wannan babu ƙwai, babu tsayuwa gaban murhu, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Sai dai yana da ɗan tsami.

Kindirmo ake so, ba tsala ba, domin tsala an riga an kaɗe manta. Wanda ya fi aminci shi ne na gida: a tafasa lita ɗaya ta madara, a bari ta huce har yatsa ya iya jurewa, a zuba cokali 2 na kindirmo mai kyau, a rufe awa 6 zuwa 8. Daga nan a shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, a juye, a sa a firigo ko cikin kula mai ƙanƙara awa 4 zuwa 6. Ruwan da ke ɗiga yana tafiya da wani kaso na sukarin madarar, ƙwayoyin da suka tsamar da nonon ma sun riga sun ci wani. Abin da zai rage a ƙyallen kusan rabi ne, mai kauri.

A dama kakawo cokali 4 da ruwan zafi kaɗan, a bari ya huce. A haɗa da kindirmon, da markaɗaɗɗiyar soyayyar gyaɗa cokali 3 wadda ba a matse manta ba, da gishiri kaɗan da ƙwayoyin zaƙi. A burge sosai, a daskarar kamar na farko. Wanda ba ya son wahalar burgawa, ya ƙulla a ƙananan leda ko ya zuba a ƙananan kofuna ya tsoma tsinke. Hakan ma ya fi, don kowa ya san rabonsa.

A tsince gyaɗar kafin a soya. Duk wadda ta yi baƙi, ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, saboda irinta ce ke ɗauke da gubar da ke lalata hanta.

In babu firigo fa?

Ƙauyuka da yawa na Urno, Allakaye ko Ibohamane ba kowane gida ke da wuta ba, amma ƙanƙara tana isa a kan babur. Da ita da gishiri an gama. Gishiri yana sa ƙanƙara ta narke tana ƙara sanyi, har ruwan ya sauka ƙasa da sifili da digiri 15 zuwa 20. Da wannan dabara aka yi ta yin askirim kafin a ƙirƙiro firigo. Injin hannu da wata Ba'amurkiya, Nancy Johnson, ta yi wa rajista a 1843, da ƙanƙara da gishiri yake aiki.

A zuba haɗin da ya riga ya huce, kofi ɗaya ko biyu, a leda mai ƙarfi, a fitar da iska a ƙulle, a sake sa ta cikin wata ledar. A farfasa ƙanƙara a ƙaramin bokiti mai murfi ko kula, awo 4 na ƙanƙara, awo 1 na gishiri mai tsakuwa. A binne ledar a tsakiya, a rufe, a naɗe da tsumma, a yi ta girgizawa minti 10 zuwa 15. Aikin yara ne wannan, suna ma jin daɗinsa. In ya kama, a ɗauraye bayan ledar da ruwa mai tsabta kafin a kwance, don kada gishiri ya shiga. Ruwan ƙanƙarar saye ba a san daga inda aka ɗebo shi ba, kada a bari ya taɓa abin sha. Wannan hanya ma ta fi ba da laushi, tunda nan take ake shanyewa.

Tsabta da matsalar wuta

Madara da ƙwai abinci ne da ƙwayoyin cuta ke so, kuma sanyi ba ya kashe su, kwantar da su kawai yake yi. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar da makiyaya ke kira bakkale, mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi na tsawon watanni. Ɗanyen ƙwai kuma na kawo amai da zawo. Mai ciwon sukari in ya kamu da zawo, jikinsa ya fi saurin rikicewa. Don haka tafasa madara da dafa ƙwai dole ne.

Sai wuta. Duk da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, kaso mai yawa na wutar ƙasarmu daga Najeriya yake zuwa, kuma ba mu manta da yadda aka sha duhu ba lokacin da aka yanke layin a watan Agusta na 2023. A bazara ma ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Ga ƙa'idojin da za a riƙe:

- Askirim da ya narke ya zama ruwa, ba a mayar da shi ya sake daskarewa. A zubar.
- A irin zafinmu, kada haɗin madara ya wuce awa ɗaya a waje.
- In wuta ta ɗauke, a bar firigo a rufe. Kwalaben ruwa da suka daskare a ciki suna riƙe sanyi.
- A daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora tsabar kuɗi a sama, a bar shi ciki. In aka tarar da kuɗin ya nutse ƙasa, to kayan sun narke sun sake kamawa ba a sani ba.
- A yi kaɗan, wanda za a shanye cikin kwana 2 ko 3.
- In ya kwana ya yi tauri, a fito da shi minti 5 zuwa 10 kafin a sha.

Gargaɗi ga mai ciwon sukari

Wannan askirim ba magani ba ne, ba ya sauke sukarin jini, kuma ba ya maye gurbin ƙwaya ko allurar insulin. Abin marmari ne da aka rage wa illa. Yana da maiƙo da yawa, saboda haka mai ƙiba, mai hawan jini da mai ciwon zuciya su tsaya a ƙaramin kofi ɗaya, ba kullum ba, su kuma fi karkata ga haɗin gyaɗa. An fi so a sha bayan abinci, a rage tuwo ko hura na wannan lokacin. Masu azumi kada su buɗe baki da dabino, kunu, hura da askirim a zama ɗaya, su ce ai marar sukari ne.

Jikin kowa daban. Mai na'urar awo a gida ya gwada kafin ya sha, ya sake gwadawa bayan awa 2. Galibi likitoci na so kada ya wuce giram 1.80 a lita bayan cin abinci, amma adadin da likitanka ya ba ka shi ne naka.

Ga wata magana da ke iya ceton rai. Mai shan insulin ko wasu ƙwayoyi irin su gilibenkilamid, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da giram 0.70 a lita. Alamun su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa mai tsanani, jiri da rikicewar magana. A wannan hali sukari na gaske ake ba shi, ƙwaya 3 a ruwa ko rabin kwalbar lemu, in yana iya haɗiya. Askirim marar sukari ba zai yi masa komai ba. In ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi likita. Duk mutanen gida su san wannan.

Ƙananan yara, musamman waɗanda ba su kai shekara 3 ba da masu fama da tamowa, ba su da buƙatar ƙwayoyin zaƙi. Abinci mai gina jiki suke buƙata. Mai juna biyu ta tambayi ungozoma ko likita tukuna. Kakawo kuma yana da ɗan sinadarin da ke cikin goro da kofi, wanda barci ke yi wa wuya ya sha da rana.

A ƙarshe, wanda ke yawan jin ƙishirwa, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, yana ramewa alhali yana ci, ko yana da gyambon da ya ƙi warkewa, kada ya tsaya canza abin sha kawai. Ya je CSI mafi kusa ko asibitin gunduma na Madawa, Buza ko Keita a gwada jininsa da safe kafin ya karya. In awo ya kai giram 1.26 a lita ko fiye har sau biyu, ciwon sukari ne, kuma da wuri aka fi cin ƙarfinsa. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, amma ba sai an jira ta ba.

Wanda ya karanta ya bayyana wa wanda bai iya karatu ba, musamman iyayenmu mata da ke riƙe da madafa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai mu damina lafiya.